Alhamdulillahi, an kare kundin lafiya

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Jiya bayan la'asar aka sake kirana cikin ɗakin, shugaban zaman kare kundin bincikena ya dube ni ya ce na ci, sai 'yan gyare-gyare. Duk wanda ya kira bai same ni ba ya yi haƙuri, gajiya ce. Rabona da barci irin na daren jiya tun kafin azumi.

Ba sai na maimaita muku zancen kwamfutar da aka ɗauke ba, ko kwanakin da na yi a gadon asibiti. Kun bi komai, wasunku ma sun fi ni riƙe lissafin kwanakin. Dare ɗaya kawai nake so in ambata.

Babi na huɗu ya tafi tare da kwamfutar, abin da ya rage mini littafin rubutu ne mai cike da ƙananan bayanai. Hannuna na dama da ƙarin ruwa a jiki. Auta, ƙanwata, ta jawo kujera bakin gado ta ce, "Yaya, ka faɗa, ni zan rubuta a wayata." Babin kuwa a kan Henri Le Caron ne, Baturen Ingila da sunansa na yanka Thomas Beach. Ya yi shigar Bafaranshe, ya shiga cikin 'yan Feniyan na Amurka masu neman ƙwato Ailan daga hannun Ingila, ya zauna da su sama da shekara 20 yana aika wa Landan asirinsu. Sai a 1889 ya tsaya gaban kwamitin binciken zarge-zargen da aka yi wa Parnell, jagoran 'yan siyasar Ailan, ya bayyana kansa, a 1892 kuma ya fitar da labarin rayuwarsa, wanda in kana karantawa sai ka rantse ƙagaggen labari ne. Ina faɗa tana bugawa, kowane suna sai na jero mata baƙaƙensa ɗaya bayan ɗaya, sunan O'Donovan Rossa, ɗaya daga cikin jagororin 'yan Feniyan, ma sai da muka yi sau uku. Wajen ƙarfe biyu zazzaɓin ya taso mini, haƙorana na kaɗawa, wallahi na ɗauka ba zan ga asuba ba. Tsoro ya kama ni sosai. Auta ta ajiye wayar, ta jiƙa tsumma ta ɗora mini a goshi, tana karanta mini addu'a har jikin ya lafa. Da ta ga na buɗe ido sai ta ce, "Yaya, shi wannan mutumin, shekara 20, da wa yake hira tsakaninsa da Allah?"

Shekara uku ina karanta labaran 'yan sandan ciki na zamanin Sarauniya Biktoriya, ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Marubutan lokacin suna son jami'in da ya saje da maƙiya, ya ci da su, ya rantse da su, daga ƙarshe ya tona su, amma da wuya su tsaya su kalli kaɗaicinsa, balle su saurari abin da ya kai 'yan Ailan ga ɗaukar nakiya. A kan tambayar Auta na sake gina babin gaba ɗaya. Auta, kin hana ni ambatonki, amma ba zan iya yin shiru ba. Allah Ya ba ki miji nagari, Ya sa ki ga ranar naki karatun, Ya tsare ki daga dare irin wancan.

A wurin kare kundin, mai jarrabawa na waje ya tambaye ni me ya haɗa Bahaushe da bama-baman da 'yan Feniyan suka tayar a Birtaniya daga 1881 zuwa 1885. Na ba shi tarihin yadda na iya: barikin Salford a Janairun 1881 inda ƙaramin yaro ya rasu, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan a 1883, ofishin Scotland Yard kansa a Mayun 1884, wato gidan sashen da aka kafa a 1883 musamman don farautar masu dasa bam ɗin. Na kawo ranar 24 ga Janairu 1885, da aka tashi bam a Hasumiyar Landan da ginin majalisa, inda ɗan sanda Cole ya sunkuci ƙunshin yana hayaƙi ya hau matakala da shi, har marubuci Robert Louis Stevenson da matarsa Fanny suka sadaukar da littafinsu na wannan shekarar gare shi da abokin aikinsa Cox. Daga nan muryata ta karye. Na ce masa ina Kano ranar 20 ga Janairu 2012 da bama-bamai suka tashi a garin, na san garin da kowa ke kallon jakar maƙwabcinsa, ba a san wa ke kai rahoto ba, ba a san wa ake kai wa ba. Ya yi shiru, ya rubuta wani abu, bai ƙara tambaya ba.

Malamina mai duba aikin, wanda ya karanta babin nan a waya yana kan hanyar tafiya, Allah Ya saka masa da Aljanna. Baba mai gadin laburare da ke bar mini fitila bayan lokacin tashi, Allah Ya rufa masa asiri duniya da lahira. Abokan karatuna da suka haɗa kuɗin magani ba tare da na sani ba, Allah Ya buɗa muku ta inda ba ku zato. Maiɗakina, da ta riƙe gida da yara ita kaɗai ba ta taɓa nuna mini gajiya ba, ban da kalmar da ta isa. Inna, azuminki da tsayuwar darenki sun iso ni.

Akwai waɗanda muke jini ɗaya, gidansu bai kai tafiyar minti 10 daga asibitin ba, har aka sallame ni ban ga ƙeyarsu ba. Na ga saƙonsu na murna jiya, na kuma gode. Allah Ya haɗa kawunanmu.

Ya Allah, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka jiƙan Baba da bai ga wannan ranar ba, Ka sanya albarka a abin da muka karanta, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wanda ya ɗauki kwamfutar ma na yafe masa. Littattafan da na aro zan fara mayar wa masu su ranar Litinin in sha Allahu, in na samu ƙarfin jiki.