Layi uku kawai na iya cikewa

Tsohuwar da nake jinya ta haura shekara tamanin. Ƙafafu sun daina ɗaukarta, amma kanta garau yake. Gidanta yana can bayan garin Filadelfiya a Amurka, bas biyu nake hawa kafin in isa. Aikina in yi mata wanka, in ba ta magani a kan lokaci, in dafa mata ɗan abin da likita ya yarje mata. Mama nake ce mata. Da farko ta so in riƙa kiran sunanta gatsal kamar yadda kowa ke yi, na ce bakina ba zai iya ba, ta girmi mahaifiyata. Haka ta haƙura.

A ƙarƙashin gadonta akwai wani akwatin kwali. Duk ranar da sanyi ya hana mu leƙa waje sai ta ce in jawo mata shi. Takardu ne maƙil a ciki, wasu sun yi jajawur don tsufa. Rabin rayuwarta ta ƙarar wajen bin sawun mutum ɗaya, wanda ya fara kawo zuri'arsu ƙasar nan daga Jamus a 1749, shekarar da jiragen ruwa ɗauke da Jamusawa suka yi ta sauka a Filadelfiya babu ƙaƙƙautawa.

Takardar da ta fi so kwafi ce ta jerin sunayen mutanen jirgi. Tun 1727 hukumar Fensilbaniya, yankin da Filadelfiya take ciki, ta kafa doka cewa duk jirgin ruwan da ya kawo irin waɗannan baƙi sai kyaftin ɗinsa ya miƙa sunayensu, kuma duk namijin da ya kai shekara 16 sai ya yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila, don a lokacin Amurka ba ta sami 'yanci ba. Wanda ya iya rubutu ya sa hannu, wanda bai iya ba ya yi alama, magatakarda ya rubuta sunansa a gefe. Kakan nata alama ya yi. Sai ta ɗora yatsanta mai rawa a kan ɗan zanen tawadar nan ta ce da ni, nan hannunsa ya taɓa. Wallahi duk sanda ta faɗa sai tsigar jikina ta tashi.

A bakinta na ji irin wahalar da suka sha. Daga ƙauyukansu sai su biyo kogin Rayin har Rotadam ta ƙasar Holan, ana tare su tasha-tasha ana karɓar haraji, guzuri ya kusa ƙarewa tun ba a ga teku ba. A yada zango a Ingila, sannan a yi wata biyu ko fiye a kan ruwa. Ƙananan yara su ne suka fi mutuwa, kuma tekun ce kabarinsu. Wanda ya iso bai da kuɗin jirgi ba ya sauka, sai wani mai hali ya zo ya biya masa, shi kuma ya yi masa aikin shekaru kafin ya zama mai kansa. Ina jin haka na tuna filin da Yaya ya sayar aka haɗa mini kuɗin tikiti, wanda har yau ban gama mayar masa ba.

Abin da ya fi ba ta wuya, in ji ta, shi ne sunaye. Magatakardan Ingilishi yadda kunnensu ya ji suke rubutawa. Müller ya koma Miller, Schneider ya koma Snyder, wasu Zimmermann ma fassara sunan aka yi gaba ɗaya suka zama Carpenter, wato kafinta. Nasu sunan iri huɗu ta same shi, sai da ta bi littattafan coci na wajen Lankasta da duwatsun kaburbura masu rubutun Jamusanci kafin ta haɗa zaren. Ita ce ma ta gaya mini cewa unguwar Germantown, da nake ratsawa a bas ba tare da na ɗaga kai ba, iyalai 13 ne daga garin Krefeld na Jamus suka kafa ta a 1683.

To, ranar da abin ya same ni, ranar bikin godiyarsu ce ta watan Nuwamba, wadda ake gasa talotalo. 'Ya'ya da jikoki sun cika gida. Wata jikarta ta buga bishiyar zuri'ar a babbar takarda, ana ta zagaye ta ana nuna juna. Mama, da zuciya ɗaya, ta ce a ba ni wata wadda ba a cike ba, ni ma in rubuta tawa. Aka miƙo mini biro, idanu duk suna kaina.

Na rubuta sunana. Na rubuta na mahaifina. Na yi ɗan jim, na tuno na kakana. Daga nan biro ya tsaya. Gurbin kakata mace na zuba wa ido, matar da ta goye ni, wadda na kwana a ɗakinta har na yi wayo, amma abin da ke bakina kawai shi ne Hajiya Babba. Sai wani surukin gidan ya ce, da muryar tausayi, ai su can ba a rubutu, komai a ka ake riƙewa. Wannan tausayin shi ya fi ƙona mini rai. Na ajiye biro na shige kicin, ina wanke kwanuka hawaye na zuba cikin kumfa.

Amsa tana bakina fa. Kakan nan nawa da hannunsa ya rubuta Alƙur'ani izu sittin, da alƙalamin kara da tawadar da ya dafa da kansa. Garinmu Kano an rubuta sarakunansa ɗaya bayan ɗaya tun daga Bagauda. Wanda suke taƙama da shi kuwa ko sunansa bai iya rubutawa ba. Amma da na faɗi haka Mama zan soka, ita da ba ta yi mini komai ba sai alheri. Na haɗiye.

A bas ina komawa gida na yi ta juya abin. Kunya ce ta ɓoye mana sunayen nan. Hajiya Babba har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, Malam take cewa. Da aka haifi ƙanena aka mayar masa da sunan Malam, tun ranar suna muka koma ce masa Abba. Kabari kuma itace ne da fasasshen tulu, damina kaɗan ta wuce sai wanda ya raka gawa ne zai iya nunawa. Ban ga aibun ko ɗaya ba, haka aka rene ni kuma haka nake so a binne ni. Sai dai a da kowane gida yana da mai riƙe asali, mu tamu Gwaggo ce. Da dare a tsakar gida takan ce kakanninmu fatake ne, da jakuna suke zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafin rini su komo da goron Salaga. Tana jero sunaye kamar mai jan carbi, mu kuwa muna gyangyaɗi. Shekarata ta biyu a nan ta rasu. Takarduna ba su fito ba, a waya na yi ta'aziyya.

Daren nan ban runtsa ba. Na jira har lokacin da na san sun idar da sallar asuba, na kira.

"Umma, don Allah ya sunan baban Malam?"

Ta yi shiru. "Ke lafiya? Me ya tado da wannan da sassafe?"

Na ce lafiya lau, sani kawai nake son yi.

"Ni da nake suruka a gidan, ina ni ina sunayensu? Ki nemi Baffanki. Kuma ki fara da gaisuwa, ya ce kin yada shi."

Kwana biyu bayan nan saƙon muryar Baffa ya shigo ta WhatsApp. Rabinsa faɗa ne, wai sai da buƙata ta taso na tuna da shi, kuma gaskiya ya faɗa. Daga baya muryarsa ta yi laushi, ya ba ni sunaye biyu sama da Malam, ya ba ni na Hajiya Babba na yanka. Na saurara ya fi sau goma. Ɗana da aka haifa a nan, wanda Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba, na zaunar da shi na sa ya maimaita su har ya riƙe.

Baffa ya ce akwai wata takarda cikin gafakar Alƙur'anin Malam, inda yake rubuta haihuwa da rasuwar gidan da ajami. Gafakar tana hannun ƙaninsu, wanda rabon gado ya shiga tsakaninsu, ko a makabarta suka haɗu ba sa gaisawa. Na roƙe shi, na haɗa shi da girman Gwaggo. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce in Allah ya kai mu Juma'a, in an sauko daga masallaci, zai je ya yi sallama a ƙofar gidan.

Da na gaya wa Mama layukana sun zama biyar, ta zazzage wata jakar takardu daga cikin akwatinta ta ba ni, ta ce in fara tarawa. Tana nan kan firij ɗinmu, takarda ɗaya tal a ciki. Yau Laraba.