Godiya ga duk wanda ya halarci daren tunawa da A'isha Falatiya a Kassala

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi, taron da muka daɗe muna shiri ya gudana lafiya, an watse lafiya. A madadin matasan da suka shirya, ina miƙa godiya.

Godiya ta farko ga iyayenmu dattawan unguwa da suka sa albarka, suka kuma zauna da mu har aka tashi. Allah Ya ƙara girma.

Abin da ya sa muka dage sai an yi wannan dare shi ne, yaranmu da yawa suna jin muryar A'isha Falatiya amma ba su san jininmu ba ce. A nan Kassala, a gabashin Sudan, aka haife ta, 'yar malami ce, mahaifiyarta kuma Bahaushiya. Ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman, a 1942, lokacin da ake ganin abin kunya ne mace ta ɗaga murya a bainar jama'a. A yaƙin duniya na biyu ta yi wa sojojin Sudan waƙa. Ta rasu a 1974. Malamin da ya ba da tarihin nan tsakanin waƙa da waƙa, wallahi ya biya mu.

Sai Hajiyarmu, wadda ba ta ma cikin tsarin taron. Da mai ud (wato garayar Larabawa) ya fara kaɗawa, ta ajiye sandarta ta karɓi waƙar daga kan tabarma, ba lasifika, mata suka ɗauki guɗa. Na ga wani dattijo cikin baƙinmu da yaƙi ya koro daga Khartoum yana share hawaye da gefen rawaninsa. Hajiya, Allah Ya ja kwana.

Masu kalangu da suka rufe taro da waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sannunku da aiki. Nan ne fa tsofaffi suka miƙe!

Iyaye mata da suka yini a bakin murhu suna dafa jabana (wato gahawa) da shayi, da bawan Allahn da ya kawo janareta da wuta ta ɗauke ya kuma ƙi karɓar kuɗin mai, Allah Ya saka da alheri.

Masu kujeru da tabarmi, gobe bayan La'asar za mu mayar muku da kayanku har gida. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Sudan lafiya.