Kuregen Toronto baƙi ne, amma ba baƙo ba ne

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida.

Da fatan kuna lafiya, an kuma shigar da amfanin gona rumbu lami lafiya. Mu nan Toronto kaka ta zo ƙarshe. Ganyen mapul, wannan da kuke gani a tsakiyar tutar Kanada, ya yi ja ya zube, da asuba kuwa sai an kankare ƙanƙara daga gilashin mota kafin a fita.

Hoto guda ne ya jawo wannan wasiƙa. Watan jiya na ɗauki wata dabba zaune kan shingen gidanmu, ta riƙe tumatirina da hannu biyu tana gatsa, na tura wa ƙanena a Funtuwa. Kafin gari ya waye hoton ya zaga dangi. Wani ya ce gafiya ce ta ƙoshi. Wani ya ce kyanwa ce aka ƙara wa wutsiya. Gwaggo kuwa murya ta aiko, ta ce baƙar dabba irin wannan a tsakar gida ba ta ɗaukar hoto ba ce, in tofa addu'a a kusurwoyin gida, in kuma hana yara fita da magariba. Gwaggo, Allah ya ƙara girma, addu'a kam ana yi. Amma kurege ne.

Na san ba za ku yarda nan take ba, don bai yi kama da wanda muka sani ba. Namu na gida ruwan ƙasa ne, gashinsa da kaushi, da farin layi a kowane gefe, kuma in ya hango mutum sai ya miƙe kan ƙafafun baya ya ƙare masa kallo kafin ya arce. Muna yara mun sha bin sa da karnuka a gonar gyaɗar Baba. Mu toshe ƙofar rami ɗaya, mu tura hayaƙi ta ɗaya, shi kuwa ya fice ta ta ukun da ba mu san da ita ba. Na nan bai san rami ba, ɗan sama ne. Sheƙa yake yi da ganye da ƙirare a can ƙololuwar bishiya, ko ya samu kogon itace, ko in an yi rashin sa'a ya huda rufin gidan mutum ya tare da iyalinsa. Wayar lantarki ita ce titinsa. Abin da har yau nake tsayawa kallo shi ne saukowarsa daga bishiya, kai a ƙasa wutsiya a sama, don ƙafafunsa na baya juyawa suke yi su fuskanci inda ya fito, faratan su maƙale a ɓawon itace kamar ƙugiya.

A hunturuna na farko na fara ganin baƙin kurege, cikin watan Janairu. Gari ya yi fari fat da dusar ƙanƙara, sai ga wani abu baƙi wuluk yana tsalle a kai, kamar tawada ta ɗiga a farar riga ranar Juma'a. Na isa wurin aiki ina ɗoki, na ce wa wani abokin aikina haifaffen garin, yau na ga abin mamaki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi irin dariyar da za ku yi wa baƙon da ya kira ku da gudu ku zo ku ga ƙadangare a bango. A lardin Ontario, inda Toronto take, da jihar Michigan ta Amurka da ke maƙwabtaka da mu, baƙaƙen sun fi masu ruwan toka yawa a wurare da dama. A unguwarmu in ka ƙirga goma, da wuya ka samu uku masu toka.

A rubutun boko, baƙi na launi da baƙi na baƙunta ba su da bambanci, sai a baki ake rarrabe su. Ni ma haka na cakuɗa su. Na ɗauka baƙin kurege baƙo ne, wani jinsi da aka kawo daga wata uwa duniya. Ashe ni ne baƙon.

Jinsinsu ɗaya da mai ruwan toka. Uwa ɗaya kan ɗauki ciki na kwana 44, ta haifi biyu ko uku ko huɗu, wani baƙi wani toka, su sha nono ɗaya. Duk bambancin yana cikin ƙwayar gado guda da masana ke kira MC1R, wadda aikinta ta riƙa kunna baƙin launi tana kashewa yayin da gashi ke tsirowa. A jikin mai ruwan toka kowane silin gashi ratsi-ratsi ne, baƙi da fari da ƙasa-ƙasa, ido ne ke haɗa su daga nesa ya ga toka. A jikin baƙin kuwa wani ɗan gutsure ya ɓace daga ƙwayar, haruffa 24 daga cikin rubutun halitta, sai makunnin ya maƙale a kunne, gashin ya fito baƙi tun daga tushe har tsini. Wanda ya gaji abin ta uwa da uba, shi ne baƙi ƙirin mai sheƙi irin ɓarawon tumatirina. Wanda ya gada ta ɓangare ɗaya sai ya fito baƙi da surkin ja-ja. Wata masaniya a Jami'ar Anglia Ruskin da ke Ingila, Helen McRobie, ita da abokan aikinta ne suka bi diddigin wannan, kuma a 2019 suka nuna alamun cewa ƙwayar ta shigo ne ta hanyar barbara da wani jinsin kurege mafi girma, wanda mutanen nan ke laƙaba wa sunan yanyawa saboda jan gashinsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina tarihin ne. Kafin Turawa su cika wannan yanki, daji ne mai duhu, itatuwa masu ɗaruruwan shekaru, rana ba ta cika taɓa ƙasa ba. A irin wannan inuwa baƙi ne ke iya ɓuya wa shaho, kuma rubuce-rubucen mutanen da sun nuna baƙaƙen kuregu sun yi yawa ƙwarai a lokacin. Sai aka bi dajin da gatari, don gona da katako. Wanda ya sake tsirowa siraran itatuwa ne masu hasken ɓawo, rana na ratsa su. A nan mai ruwan toka ya saje da itace, baƙi ya zama abin hange ga shaho da maharbi, ya yi ta raguwa a karkara. Birni ne ya ba shi mafaka, inda ba a harbi, tsofaffin itatuwa kuma na nan a maƙabartu da harabar makarantu. Wasu masu bincike biyu a jihar New York, Bradley Cosentino da James Gibbs, sun tattara hotunan da talakawa irina ke ɗauka a ƙofar gidajensu daga birane 43, suka ga baƙaƙen sun fi yawa a cikin gari, suna raguwa in aka nufi ƙauye, musamman a manyan biranen arewa masu sanyi. A cikin gari kuwa babban maƙiyin kurege mota ce, kuma kwaltar nan in ta tsufa ruwan toka take komawa. Ana kyautata zaton direba ya fi saurin hango baƙi ya taka birki.

Sai kuma sanyi. Kurege ba ya kwanciyar dogon barci da hunturu kamar wasu dabbobin nan, dole ya fito neman abinci ko ana ƙanƙara. Wani gwaji da aka yi a nan Kanada ya nuna in sanyi ya kai digiri 10 ƙasa da sifiri, ɗumin da ke fita daga jikin baƙin bai kai na mai toka ba da kusan kashi 18 cikin 100. Mu da muka taso muna gudun baƙar riga a watan Afrilu, wannan bai ba mu mamaki ba.

To ga inda abin ya ba ni dariya. Dabbar da ba wanda ke ɗaga kai ya kalla a Toronto, a wasu garuruwan sarauta take yi. A 1902 da 1906 an kwashi guda 18 daga Ontario zuwa gidan namun daji na ƙasa da ke Washington, aka sake su, yau jikokinsu sun bazu har cikin Maryland da Virginia. A 1961 shugaban masu kula da harabar Jami'ar Kent State a jihar Ohio, Larry Woodell, ya sa aka kawo guda 10 daga Landan. Ba Landan ta Ingila ba, akwai wata a nan Ontario, tafiyar awa biyu daga gidana, har da kogin Thames nata. Yanzu duk shekara biki ake yi wa baƙin kurege a jami'ar, gidan rediyon ɗalibai ma sunansa yake amsawa. Wani gari kuwa a jihar Kansas, Marysville, doka ya kafa tun 1972 ya mai da baƙin kuregensu alamar gari, wanda ya cuce shi sai ya biya tara. Ingila ma suna da nasu. Can kurege mai ruwan toka shi ne baƙon gaske, daga Amurka aka kai shi, kuma an fara ganin baƙi a cikinsu a 1912.

Mutanen Toronto fa? Farin suke nema. Akwai wani dandali da ake kira Trinity Bellwoods inda jefi-jefi ake ganin farin kurege, har wani ɗan titi da ke kusa an raɗa masa suna Hanyar Farin Kurege. Wata Asabar na kwashi yara muka je. Awa biyu muna zagaye. Baƙaƙe sun kai talatin suna gilmawa ta tsakanin ƙafafun mutane, kowa kuwa ya ɗaga waya sama yana leƙen rassa. Farin bai fito ba. Muka sayi askirim muka dawo gida.

A unguwarmu rigimar kurege ta raba maƙwabtana biyu. Akwai wata dattijuwa a hannun dama, mai son furanni. Duk Oktoba sai ta durƙusa ta binne kawunan furen tulif, masu kama da albasa, don su tsiro bayan hunturu. Tana shiga ɗaki kuregu na bin sawunta suna tonewa. Yanzu sai ta shimfiɗa ragar waya a kai, ta barbaɗa barkono, tana yi tana mita. A hannun hagu kuwa wani dattijo ne da ke zaune shi kaɗai, wanda kullum da safe sai ya watsa musu gyaɗa da ɓawonta. Tun watan Afrilun 2023 hukumar birnin ta hana ciyar da namun daji ko a cikin gidan mutum, in ban da ƙananan tsuntsaye. Shi dai ya ce tsuntsaye yake ba. Ban taɓa ganin tsuntsu mai wutsiya haka ba, amma ban ce komai ba, maƙwabci ne.

Ni ne a tsakiya, ta ɗan lambuna suke wucewa. Da na so in ce lambun yana bayan gida, amma na san halinku. Ta nan na koyi yadda suke ajiya. Kurege ba ya tara abincinsa a rumbu ɗaya. Ƙwaya ɗaya rami ɗaya, ɗaruruwa a warwatse, ya dawo da hunturu ya nemo da tuni da kuma hanci. In ya lura wani na kallonsa, sai ya tona, ya yi kamar ya saka, ya rufe da kyau, ya wuce da abinsa a baki. Wallahi na ga wannan da idona, kuma nan take na tuna wanda ya ɗaura wa kura sirdi a tatsuniya. Wayon dai na gidansu ne. Waɗanda ya manta da su kuwa su ke tsirowa, shi ya sa ake cewa itatuwan ok, waɗanda kurege ke binne 'ya'yansu, da yawa a dajin nan shukar kurege ne.

Cikin watan Yuni wani ganye ya ɓullo a tukunyar da na dasa attarugu. Na durƙusa na duba, na sake dubawa. Gyaɗa ce. Shekara nawa rabon da in ga ganyen gyaɗa, sai ga shi a Toronto, kuma kurege ne ya shuka mini. Na cire attarugun na bar mata tukunyar. Ta yi fure rawaya, ta tura 'yan sandunanta cikin ƙasa. Na kira ƙaramar 'yata, wadda a nan aka haife ta, na nuna mata cewa gyaɗa a ƙasa take 'ya'ya, don ita a zatonta a leda take fitowa. Muka yi ta ƙirga kwanaki muna roƙon kada sanyi ya riga mu. Sanyi bai riga mu ba. Wata safiya cikin Satumba muka tarar da tukunyar a kife, ƙasa a watse, ɓawo biyar a kan matakala. Mai gona ya zo ya cire abinsa.

Yarinyar nan ce ma ta sa zan roƙe ku wata alfarma. Daren jiya na yi mata tatsuniyar kurege da bushiya, yadda ruwa ya tsuge, bushiya ta roƙi mafaka a ramin kurege, ta shiga ta baje ƙayoyinta, har mai gida ya rasa wurin zama. Ban kai ƙurunƙus ba ta tare ni. Ta ce, Baba, kurege ba ya shiga rami, me ya hana shi hawa bishiya? Na rantse mata namu na gida a rami yake kwana, ta dube ni irin kallon da kuka yi wa hotona. Don Allah duk wanda zai je gona a cikinku ya ɗauko mini kurege a bakin raminsa, in da hali yana tsaye kan ƙafa biyu, farin layin nan ya fito sosai. Hoto mai motsi ya fi, don ta ce wanda ba ya motsi ana iya haɗa shi a kwamfuta.

Ku gaishe mini da Gwaggo, ku ce mata yara na shiga gida kafin magariba, don yanzu ƙarfe biyar ba ta cika ba rana ta faɗi.

Wassalam,
ɗan'uwanku a Toronto