Iskar da ta maƙale a birkin tsohuwar Land Rover

Motar da nake zuwa gona da ita a fadamar Wurno tsohuwar Land Rover ce ƙirar Series III, doguwar nan mai inci 109 tsakanin tayoyin gaba da na baya, irin wadda aka yi ta ƙerawa daga 1971 zuwa 1985, kuma tayoyinta huɗu duk birkin duram ne, wato takalman birki ne ke gogar cikin wani kaskon ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Bayan an sauya robobin silindan birkin tayoyin gaba saboda yoyon mai, sai birkin ya yi laushi, idan na taka ya tafi kusan ƙasa, ba ya kamawa sai na yi ta famfo. Makaniken da ya yi aikin ya yi bilidin, wato fitar da iska daga man birki, ya sake yi, man birki na fita tas babu kumfa, amma ƙafa ba ta samu ƙarfi ba. Daga nan ya yanke hukunci cewa masta, wato babban silindan da ke tura man birki zuwa tayoyi idan an taka, shi ne ya mutu. Aka sha wahala kafin a samo sabo, na biya kuɗi masu kauri, aka ɗaura, birkin yana nan yadda yake. Har yau idan na ga tsohon mastan a kan kanta raina yana ɓaci, domin lafiyarsa ƙalau aka cire shi.

Wani dattijon makanike a nan cikin garin Sakkwato, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan irin waɗannan motoci, shi ne ya warware mini. Tambayarsa ta farko ita ce: "Ɗana, kafin a sayi masta an matse tiyo?" Na ce, "Baba, ba a matse ba." Bai ƙara magana ba, ya ɗauko abin matsewa guda uku, ya naɗa tsumma don kada robar ta ji rauni, ya matse tiyon roba biyu na gaba da ɗaya na baya, ya ce in taka. Birkin ya tsaya ƙyam tun daga sama. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa masta yana aikinsa, kuma gwaji ne da ba ya cin ko sisi. Ya saki na baya, ƙarfin bai ragu sosai ba. Da ya saki ɗaya daga cikin na gaba, sai ƙafata ta nutse.

A nan ne na ga abin da ya ba ni mamaki. Kowace tayar gaba ta wannan mota duram ɗinta inci 11 ne, kuma silinda biyu ke ciki, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, siririn bututu ya haɗa su. Mai yana shiga ta na sama, amma notin fitar da iska yana jikin na ƙasa. Ita kuwa iska sama take hawa. Saboda haka ana iya tura mai gwangwani bayan gwangwani, ya bi ta ƙarƙashin iskar ya fita fes, ita kuma tana zaune a silindan sama. Fitar mai babu kumfa, wanda shi ne ya ruɗi makaniken farko har ya ɗora wa masta laifi, a wannan mota ba hujja ba ce.

Maganin dattijon shi ne ya sassauta notocin daidaita takalman birki gaba ɗaya, har sifirin ya janyo takalman ciki, fistin ya koma ƙarshen silinda, wurin da iska za ta ɓuya ya ƙanƙance. Ya sa siririn tiyo mai haske a bakin notin fitar da iska, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan man birki. Ya umarce ni in taka da ƙarfi da sauri, in riƙe sai ya ɗaure notin, sannan in saki a hankali in ɗan jira. Da idona na ga kumfa manya suna bin tiyon, a tayar da aka rantse mini babu iska a cikinta. Yaronsa na tsaye a kan tankin man birki yana ƙarawa, domin idan ya yi ƙasa masta zai ja sabuwar iska, aiki ya koma farko. Man birki nau'in DOT 4 muka zuba, daga robar da ba a taɓa buɗewa ba, tunda man birki yana shan danshi idan ya zauna a buɗe. Bayan haka ya sake ɗaure kowane takalmi har taya ta ƙi juyawa, ya sassauta kaɗan har ta saki.

Ya kuma nuna mini yadda ƙafa ke bambance cutar. Birkin da ke ƙara ƙarfi idan an yi famfo, galibi takalma ne suka yi nisa da duram. Wanda ke da laushi kamar an taka soso, iska ce. Wanda ke nutsewa sannu a hankali alhali ƙafa na danne, shi ne ake zargin robar masta ko yoyo. Tawa ba ta taɓa nuna wannan alama ta uku ba, amma babu wanda ya tambaye ni kafin a tura ni sayen masta.

Abu ɗaya da ya hana yaronsa shi ne hura ƙurar duram da iska. Tsofaffin takalman birki sukan ƙunshi asbestos mai cutar da huhu, ga shi ƙurar hunturu da yashin hanyar fadama sun cika wurin, don haka da jiƙaƙƙen tsumma aka goge. Na gwada motar a hanyar Kware ba kaya, sannan da buhunan albasa a baya, taki ɗaya take kamawa, kuma ba ta ja gefe. Abin matse tiyo uku da na saya daga baya suna cikin akwatin kayan aikin motar, kuma kuɗinsu bai kai ko kusa da na mastan da aka sa na saya ba.