Fukar Goggo ta sake kai mu asibiti

Garwa, Laraba, tsakiyar hunturu.

Tun kafin kiran sallar asuba aka buga mana ƙofa cewa fukar Goggo ta tashi. Na tarar da ita zaune a bakin gado ta dafa gwiwoyinta, ƙirjinta yana fito, ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya neman numfashi. Ta kwana tana fesa Ventoline, shuɗin maganin fuka na shaƙa, amma bai sake ta ba, don haka muka ɗora ta a babur zuwa asibiti, inda aka sa mata iskar oksijin, aka ba ta magani ta na'urar shaƙa, kana aka ƙara mata da allura.

Da ta farfaɗo wajen hantsi, malamar jinya ta tambaye ta: "Hajiya, ina maganin shaƙa na kullum da likita ya rubuta miki?" Goggo ta ce: "Ɗiyata, wannan ai ba ya komai, shuɗin ne mai aiki." Malamar ta zauna ta yi mana bayani dalla-dalla. Shuɗin, wato salbutamol, buɗe hanyoyin iska kawai yake yi na 'yan sa'o'i, alhali asalin ciwon kumburi ne da ke cikin hanyoyin, kuma magani irin su beclometasone ko budesonide ne ke kwantar da shi idan aka dage da shaƙarsa safe da yamma, ko da mutum yana jin garau. Ta ce yawancin masu yawan dawowa sashen gaggawa su ne waɗanda suka dogara da shuɗin kaɗai, domin huhunsu a kumbure yake, ƙaramin dalili ya isa ya toshe shi.

Dalilan kuwa ba su da wuyar samu a gidanmu. Ga ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Bodele ta ƙasar Chadi, ga hayaƙin itace da Goggo ke shaƙa wajen suyar ƙosai, ga turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi a ɗakin da aka rufe ruf saboda sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa asma, wato fuka, ta kashe mutum 455,000 a shekarar 2019, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. A ganina ba taurin kai ne kaɗai ya hana Goggo maganin ba, domin mai ƙaramar sana'a ba za ta so zuba kuɗi kowane wata a kan abin da ba ta jin amfaninsa nan take ba.

Da la'asar aka sallame mu. Ni da yayana muka haɗa kuɗi muka sayo maganin, na huda gindin robar ruwa kamar yadda malamar ta nuna mini domin feshin ya riƙa isa huhu sosai, muka kuma mayar da murhun ƙosai tsakar gida. Turaren wuta ne dai Goggo ta ce sai mun sake magana.