Awon rana ɗaya a cikin azumi

Jumma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis, bayan shekara shida a sashen masu hulɗa na kamfanin rarraba wuta. Abokan aiki sun ce in bar wa sababbin ɗauka 'yan kalmomi. To ga su, amma da Alhaji mai ƙanƙara zan fara, don har yau shi ke hana ni barci.

Kun san ƙa'idar: wanda jan wutarsa ya haura 45 kVA (ma'aunin ƙarfin wutar da ake ja) ya bar sahun ƙananan 'yan kasuwa, ya koma MD, wato sahun manyan masu jan wuta. A watan Afrilun 2023 oga ya matsa mana lamba, wai yankinmu ba shi da isassun MD, kowa ya fita ya nemo. Na je wurin Alhaji da azahar, ana tsakiyar azumi, ga bazara ta kai bazara, masu baro sun yi layi har titi suna jiran ƙanƙara. Na maƙala abin awo a wayarsa, na ga ya haura. Na rubuta, na koma ofis ina ta fara'a, oga ya sa hannu har da cewa Allah ya yi min albarka.

Abin da ban tambaya ba: injina uku ne ke aiki ranar, na ukun kuwa haya ya ɗauko don azumi kawai. Ya so ya faɗa min. Ya ce, "Ɗana, ka dawo bayan salla ka sake dubawa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai lamba ba ta ƙarya." Allah ya yafe min wannan magana.

Mitar MD ba ta zo ba, sai aka dinga yi masa kiyasi da awon ranar nan ɗaya. Damina ta sauka, ciniki ya ja baya, bil bai ja ba. Hunturu ya shigo, lokacin da ko kyauta ka ba mutum ƙanƙara sai ya harare ka, inji ɗaya ne ke motsi, shi ma ba kullum ba, amma takarda na zuwa kamar ana cikin azumi. Sau biyu na rubuta a sake awo. Oga ya ce in mun rage wa mutum ɗaya, da me za mu cike gurbin kuɗin wata? Da aka yanke wa Alhaji wuta ya kai ƙara ofishin sauraron koke na NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki. Ranar da takardar ta iso, mutumin da ya sa min albarka ya ce bai taɓa ganin fayil ɗin ba. Ni aka ba takardar tuhuma, ni aka tsallake a ƙarin girma. Rubutuna biyu na neman sake awo kuwa sun yi ɓatan dabo, don a hannu na miƙa su, ban riƙe kwafi ba.

Saboda haka ku riƙe kwafin komai, ko da na gaisuwa ne.

Sauran ba su da tsawo. Mai walda fizga yake yi ya saki, otal kuwa ja yake dare da rana, kada ku auna su da mudu ɗaya. Mai casar shinkafa na kaka daban, na bazara daban. Gidan burodi da asuba ake ganin gaskiyarsa. Kuma ku daina ce wa mutane yawan shan wutarsu ne ya kai su Band A, rukunin da yunit ɗinsa ya fi tsada. Awa 20 a rana da aka ce layinsu na samu ne, ko da kwan fitila ɗaya gare su. Na sha zagi a kan wannan a Afrilun 2024, da yunit ɗinsu ya koma naira 225.

An gyara wa Alhaji bil ɗinsa daga baya, ni na zauna na sake lissafin wata-wata, ba wanda ya sa ni. Sai dai kafin nan ya sayar da inji ɗaya, ya sallami yara huɗu. Na je sallama shekaran jiya, ya sa aka kawo min ruwan sanyi, ya tambayi lafiyar oga da sunansa.