Daga Manchester zuwa Landan, kallon wasan hauni

A kakar 2015 wani abokina da muke karatu tare a Manchester ya ja ni Landan, wai sai mun kalli wasan kwaikwayo. Na ce masa mu kashe kuɗin jirgi don mu ga mutane suna tsalle a dandamali? Ya ce wasan a kan masu rataye mutane ne, kuma ban dariya ne. Wannan ta sa na tashi.

Daga tashar Piccadilly jirgin ƙasa ya sauke mu a tashar Euston ta Landan bayan awa biyu da 'yan mintuna, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Sloane Square. Gidan wasan Royal Court na nan dab da ƙofar tashar, tsohon gini na jan bulo, zauren bai cin mutum 400. Kujerun a matse suke, gwiwata na dukan bayan na gabana.

Wasan shi ne Hangmen na Martin McDonagh. Da aka buɗe labule sai ga kurkuku a 1963, wani saurayi yana rantsuwa bai kashe kowa ba, ya riƙe ƙafar gado, ana jansa. Mataimakin hauni Harry Wade na gyara masa kuskuren Turanci ana cikin ɗaura masa igiya. Zaure ya fashe da dariya, har da ni. Sai aka ji ƙarar buɗewar ramin ƙasa, kowa ya yi tsit.

Daga nan labari ya koma 1965, shekarar da Birtaniya ta dakatar da hukuncin kisa kan laifin kisan kai. Harry ya koma tsaron mashayarsa a Oldham, wani gari kusa da Manchester, yana cika baki, yana jin haushin Albert Pierrepoint, wanda ya fi shi suna a sana'ar. Pierrepoint mutum ne na gaske, kuma ya taɓa riƙe mashaya a gefen Oldham, inda bas ke bi da ni kullum ban sani ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai Mooney ne, baƙo daga Landan. Ba ya ɗaga murya, ba ya riƙe makami. Zai nemi ɗakin haya cikin ladabi, ya yi wata magana marar kan gado, ka rasa ko wasa yake ko barazana. Da 'yar Harry ta ɓace sai aka ɗora masa, aka rataye shi a bayan labulen mashayar, su mashaya suna ta zolayar juna. Can sai ga yarinyar ta shigo lafiyarta lau, tana neman abinci.

A jirgin dare muka yi ta musu. Shi yana cewa Mooney mugu ne, ni ina cewa marubucin da gangan ya ƙi faɗa. Har muka wuce Stockport, dab da Manchester, bai yarda ba.